Likita Dalziel da Itatuwan Ƙasar Hausa: Tarihin Littafi da Masu Ambatonsa

Duk wanda ya saba karanta takardun da masanan ilmin magunguna na jami'o'inmu su ke bugawa a kan itatuwan ƙasar Hausa ya san akwai wani suna wanda da wuya a rasa shi. In an ce sabara tana maganin ciwon ciki, ko an ce ana jiƙa ɓawon maɗaci a sha domin zazzaɓi, sai ka ga an bi maganar da sunan Dalziel da shekarar 1937. Mai wannan suna ya rasu tun 1948, amma har yanzu ana jingina masa magana a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin mutumin da littattafansa, a ga yadda aka yi suka zama madogara, sa'an nan a duba abin da yawan ambaton nan ya ke nunawa da abin da ya ke ɓoyewa. Za a riƙa kawo misali da ƙasar Batsari da Safana, domin a can Dajin Rugu ya ke, kuma a can ne maganar ta fi nauyi.

Mutumin da zamaninsa

John McEwan Dalziel mutumin Sikotilan ne, ko da ya ke a Nagpur ta ƙasar Indiya aka haife shi cikin 1872. Ana rubuta sunan Dalziel, amma mutanen ƙasarsu Diyal su ke faɗa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, ya gama cikin 1895, ya tafi ƙasar Sin ya yi aikin asibitin mishan har 1902. Cikin 1905 ya shiga aikin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka kawo shi Nijeriya ta Arewa, watau shekara biyu ke nan da cin Kano da Sakkwato, Lugga kuwa yana nan a Zungeru.

Ya kamata a san irin makarantar da ya fito. A zamanin da ya ke ɗalibi, babban malamin ilmin magunguna a Edinbara shi ne Thomas Fraser, wanda ya yi suna da binciken dafin Afirka. Fraser ya yi aiki a kan waken Kalaba, ya kuma fitar da maganin ciwon zuciya daga 'ya'yan wani tsiro da maharban Afirka ta Gabas su ke dafa kibiya da shi. Dangin wannan tsiro shi ne kwankwani, wanda maharbanmu da 'yan baka suka sani tun kaka da kakanni. Saboda haka likitan da ya fito Edinbara a wancan zamani ya zo da sanin cewa abin da maharbi ya ke shafa wa kibiya yana iya zama magani a kwalba. Gwamnati kuma tana da tata bukata. Tana so ta san dafin da ya ke kashe sojanta, tana kuma so ta san abin da za a iya fitarwa a sayar, kamar ƙaro da kaɗanya da kayan rini da na jima.

Duk inda aiki ya kai shi, Kwantagora ko Katagum ko Yola ko Sakkwato ko Abinsi, sai ya tsinki reshe da ganye da fure, ya danne su cikin takarda su bushe, ya tambayi sunan abin da amfaninsa, ya rubuta, ya aika Lambun Kew da ke Landan, inda a ke ajiye busassun tsire-tsire na duniya. Cikin 1910 wani masanin Kew, John Hutchinson, ya duba wani itace da aka aiko daga Arewa, ya ga ba a taɓa rubuta shi cikin littattafansu ba, ya raɗa masa suna Boswellia dalzielii domin girmama likitan. Itacen nan kuwa shi ne hano, ko ararrabi, mai ɓawo kamar takarda, wanda ya ke son wuri mai duwatsu irin na ƙasar Ruma.

Littattafan

Abin da Dalziel ya wallafa ba shi da yawa in an ƙirga, manyansa uku ne. Na fari shi ne A Hausa Botanical Vocabulary, wanda aka buga a Landan cikin 1916, ɗan ƙaramin littafi mai jera sunayen itatuwa da ciyayi da amfanin gona na Hausa bisa tsarin abacada, kowanne da sunansa na Latin da ɗan bayanin amfaninsa. Da ya bar aikin gwamnati cikin 1922 ya koma Kew, shi da Hutchinson suka haɗa Flora of West Tropical Africa, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. Na uku, The Useful Plants of West Tropical Africa, ya fito cikin 1937 da sunan rataye ga na biyun, amma yana da shafi fiye da 600. A nan ne ya tara sunayen tsire-tsire cikin harsunan Afirka ta Yamma da abin da mutane su ke yi da su na ci da sha da gini da magani. Masu ƙamus na Hausa da suka biyo bayan littafin 1916 sun amfana da shi wajen fassara sunayen itatuwa. An sake buga littafin 1937 cikin 1948 da 1955. Daga baya H. M. Burkill na Kew ya sabunta shi ya faɗaɗa, ya fito cikin juzu'i shida daga 1985 zuwa 2004.

Kada a ɗauka cewa da shi aka fara rubuta ilmin magani a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalih al-Insan, wanda ya shafi lafiyar jiki da addini. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubutu a kan filasko, da maganin basir, da maganin ido. Malam Muhammadu Tukur shi ma ya bar littattafan magani. Ismail Abdalla ya bi tarihin waɗannan rubuce-rubuce cikin littafinsa na 1997. Amma da Larabci su ke, kuma da hannu a ke kwafe su, don haka ba su shiga hanyar da littafin Dalziel ya bi ba. Abin da ya ba Dalziel fifiko shi ne haɗa sunan Hausa da sunan Latin, da ajiye busasshen reshe wanda wani zai iya zuwa ya duba. Da wannan ne mai bincike a Zariya da na Faransa za su tabbata itace ɗaya su ke magana a kai.

Yadda ambato ya yawaita

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar faɗin wurin wanda aka ɗauki ilmi. Malam Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukh, domin lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu, kuma kowane almajirin hadisi ya san isnadi. Abin da Turawa suka ƙara shi ne ƙidaya. Cikin 1955 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a riƙa tara jerin madogaran da ke ƙarshen kowace takardar kimiyya, domin a san wa ya ambaci wa. Kundinsa ya fara fita a kai a kai cikin 1964. Cikin 2004 aka buɗe Google Scholar, wanda ya sa kowa zai iya ganin ƙidayar ta intanet. Cikin 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da a ke kira da harafin farkon sunansa: in mutum yana da takarda goma waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, ma'auninsa goma ne. Da irin waɗannan alƙaluma a ke auna malaman jami'a yanzu wajen ƙarin girma da neman kuɗin bincike.

Dalziel bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ambatonsa ya bunƙasa ne bayan rasuwarsa da shekaru, kuma dalilin a fili ya ke. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, wasu suka biyo baya, aka buɗe sassan koyar da haɗa magunguna da binciken aikinsu a jiki. Cikin 1978 taron Alma-Ata ya yarda a sa masu maganin gargajiya cikin aikin kiwon lafiya matakin farko. Cikin 1979 aka fara buga Journal of Ethnopharmacology, mujallar da ta keɓanta ga binciken magungunan al'ummu. Takardun da a ke bugawa a wannan fanni kusan tsarinsu ɗaya ne. Mai bincike zai fara da sunan itacen na Latin da na Hausa, ya faɗi cutar da mutane su ke sha dominta, sa'an nan ya bayyana yadda ya jiƙa ganye ko saiwa ko ɓawo cikin ruwa ko wani sinadari, ya gwada a kan ɓeraye ko ƙwayoyin cuta, ya kawo sakamako. To, maganar farkon nan, cewa mutane suna sha domin kaza, tana bukatar shaida rubutacciya, ba kuwa shaidar da ta fi kusa da hannu irin littafin 1937. Ta haka ambatonsa ya kai dubbai.

Akwai abubuwa biyu na lura game da ƙidayar kanta. Na ɗaya, ta rarrabu, domin wani ya rubuta 1937, wani 1948, wani 1955, wani ma 1956, na'ura kuwa ta kan ɗauke su littattafai dabam-dabam. Na biyu, in aka sa ma'aunin Hirsch a kan Dalziel ba zai yi nisa ba, tun da ma'aunin ba ya wuce yawan abin da mutum ya wallafa. Malamin da ya yanka bincike guda ya fitar da takarda ashirin yana iya fin mutumin da fanni duka ya ke tsaye a kan littafinsa guda. Wannan ya isa ya nuna cewa ma'aunin yana da iyaka.

Abin da ƙidaya ba ta nunawa

Ambato ba gwaji ba ne. Wanda ya ambaci Dalziel a farkon takardarsa bai koma Katagum ya tambaya ko har yanzu haka a ke yi ba, ya ɗauki maganar ne ya wuce. Da yawa ma ba daga littafin suka ɗauka ba, daga takardar wani suka kwafa, shi ma daga ta wani. Mai nazarin harshe yana da hanyar gane wannan, watau rubutun sunayen. Tun cikin shekarun 1930 aka daina rubuta ch a Hausar boko aka koma c, aka kuma shigo da haruffa masu ƙugiya. Duk da haka har yau za ka ga Bahaushe ɗan Katsina ya rubuta madachi maimakon maɗaci, chediya maimakon ceɗiya, baure maimakon ɓaure, cikin takardar da ya buga a wannan ƙarni. Ba haka ya ke rubuta wasiƙa gida ba. Tsohon rubutun ya gada tare da maganar, kamar wanda ya sayi riga da ƙullin kuɗin mai ita a aljihu. Haka kuma ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali kuwa da karin sauti ne a ke rarrabe kuka itace da kuka na hawaye.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, domin ya shafi abin da mutum zai haɗiya. Suna ɗaya yana iya hawa kan tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma yana iya samun suna uku. Kalgo, wanda wasu su ke cewa kargo, yana hawa kan itatuwa biyu 'yan uwan juna waɗanda masana suka raba, Piliostigma reticulatum na ƙasa mai ƙarancin ruwa da Piliostigma thonningii na inda ruwa ya fi yawa. Sanya ita ce uwar magunguna, saiwarta kuwa tana da dafi in an wuce kima. Tazargade ta fi kowanne rikici: wasu masu bincike sun kira ta Artemisia maciverae, sunan da Hutchinson da Dalziel suka raɗa, wasu kuma sun kira ta Artemisia annua, wadda mutanen Sin suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga cikinta. Da annobar korona ta zo cikin 2020 aka yi ta sayenta a kasuwanni bisa zaton ita ce ta Sin. Ga kuma bambancin karin harshe. Inda Bakano ya ce filasko, mutumin yammacin Katsina ya kan ce hilasko, kuma Bafulatanin Rugu yana da nasa sunayen da Fulatanci. In mai bincike ya ji suna a kasuwar Batsari, ya buɗe littafin da aka tattara a Yola ya ɗauki sunan Latin ba tare da ya kai reshen an duba ba, yana iya gwada wani abu ya buga sunan wani.

Abu na uku shi ne masu ilmin. Dalziel bai ƙago cewa hano yana magani ba, gaya masa aka yi. Bokaye da 'yan magori da wanzamai da ungozomai da maharba da makiyaya su ne suka san wace saiwa a ke tona da rani, wane ɓawo a ke sassaƙa, nawa a ke ba yaro, nawa a ke ba babba. Littafin ya kan ce Hausawa suna yin kaza, ko Fulani suna yin kaza, ya tsaya nan. Haka al'adar rubutun zamaninsa ta ke, kuma shi ya yi abin da ba wanda ya yi kafinsa. Amma in aka gwada da isnadi, wannan silsila ce da ta yanke a wuri mafi muhimmanci. Duk ambaton da aka yi, an ƙirga wa mai rubutawa, ba a ƙirga wa mai faɗa ko ɗaya ba.

Dajin Rugu

Ƙasar Batsari, wadda Sarkin Ruma ya ke riƙe da ita, da ƙasar Safana ta Yariman Katsina, suna gefen Dajin Rugu, wanda ya miƙa har iyakar Zamfara. Itatuwan da suka cika littafin Dalziel su ne na wannan yanki: marke da kirya da taura da tsada da gwandar daji da sabara da kalgo, da hano a kan duwatsu. Bayan dokar burtali da makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, dajin Ruma da Kukar Jangarai yana cikin wuraren farko da aka keɓe domin kiwo, aka yi madatsun ruwa a wajen Runka. Manomi da makiyayi sun zauna kusa da juna shekaru masu yawa, ilmin maganin mutum da na dabba ya cuɗanya. Bafulatani yana ba saniya jiƙon ɓawon maɗaci domin tsutsar ciki, mai jego tana wanka da ganyen sabara. Cikin 2015 Sulaiman Sani Kankara na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da abokan aikinsa sun buga bincike a kan itatuwan da matan Jihar Katsina su ke amfani da su lokacin ciki da jego, wanda ya nuna ilmin yana raye a bakin mutane.

Amma tun wajen 2014 satar shanu ta yi ƙarfi a yankin, ta rikiɗe ta zama kai hari ƙauyuka da satar mutane domin kuɗin fansa. Cikin Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka koma cikin garin Batsari da Dutsin-Ma da birnin Katsina, wasu suka ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi. An yi sulhu fiye da sau ɗaya. Ko da zaman lafiya ya tabbata, akwai asarar da sulhu ba ya mayarwa. Ilmin itace a gindin itace a ke koyonsa. Tsohuwar da ta yi shekara biyar tana gudun hijira a birni ba ta da inda za ta nuna wa jikarta bambancin ganyen nan da wancan, in ta rasu kuwa ta tafi da abinta. Sai a wayi gari abin da ya rage shi ne layi biyu na littafin 1937, ana ta ambatonsa, babu mai iya cewa daidai ne ko kuskure.

Wata hanya dabam

Akwai misalin da ya nuna ana iya yin abin ta wata hanya. Farfesa Charles Wambebe, wanda ya koyar da ilmin magunguna a Zariya kafin ya shugabanci cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ya jagoranci aikin Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, wanda mu kan kira amosanin jini. Asalin haɗin daga wani mai maganin gargajiya ne na ƙasar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, kuma cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Cibiyar ta yi yarjejeniya da shi a rubuce, kuma da aka sami takardar mallakar fasaha a Amurka cikin 1998 sunansa yana cikin jerin waɗanda suka ƙago maganin. An buga sakamakon gwajinsa a kan marasa lafiya cikin 2001. Cinikin maganin ya gamu da matsala daga baya, kamfanin Amurka da aka ba lasisi ya karye cikin 2008, amma sunan mai ilmin ya shiga tarihi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki cikin 2014, ta mai da neman yardar masu ilmin gargajiya da raba amfani da su ƙa'ida tsakanin ƙasashe.

Aikin da ya rage

A nan ne sashen Hausa da kwalejojin horon malamai su ke da abin yi, domin rabin matsalar ta harshe ce. Ɗalibanmu daga waɗannan ƙauyuka suka fito, suna jin karin harshen, tsofaffin kuma iyayensu ne da kakanninsu. Abin da a ke bukata ga kowane itace shi ne a rubuta sunansa da ƙugiya da karin sauti da tsawon wasali yadda mai faɗa ya faɗa, a rubuta garin da ranar, a rubuta sunan wanda ya ba da bayani da sana'arsa in ya yarda, a kuma bar masa abin da ya ce sirrin gidansu ne. Sa'an nan a busar da reshe a kai sashen nazarin tsire-tsire, ko na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa cikin 2011 a maƙwabtan Safana, ko ma'ajiyar Zariya, a ba shi lamba. Ba sai an shiga daji ba kafin a fara, gama masu ilmin da yawa suna zaune cikin garuruwa yanzu, kuma masu sayar da sassaƙe suna kasa kayansu kowace ranar kasuwa. Malaman Larabci kuma su taimaka a daidaita sunayen da ke cikin littattafan Bello da Tukur da na Hausa da na Latin.

Masanan magunguna su ma akwai abin da za a roƙe su. Su ci gaba da ambaton Dalziel, gama ya cancanta, amma su buɗe littafin da kansu, su faɗi shafi, su rubuta sunan Hausa da rubutun yau, su kuma faɗi garin da suka samo itacensu da wanda ya nuna musu shi. Masu auna malaman jami'a kuma su tuna cewa jerin sunayen itatuwan ƙauye guda, in an yi shi da kyau, yana iya daɗewa ana amfani da shi fiye da takardu masu yawa, ko da ƙidaya ba ta nuna haka a shekarun farko ba. Littafin 1916 ya shekara fiye da ɗari, na 1937 ya doshi casa'in. Wanda zai gaje su ya kamata a rubuta shi da Hausa, a ƙasar Hausa, da sunayen masu ilmin a cikinsa, tun tsofaffin Ruma da Runka suna da rai.